Watannin Da Ba Na Kowa Ba: Mu Koya Wa Yaran Gumel Kodin Kafin Su Tafi Jami'a

Daga ranar da ɗalibi ya ajiye biro a takardar ƙarshe ta NECO zuwa ranar da zai saɓi jakarsa ya nufi Dutse ko Kafin Hausa ko Ɓaɓura, akwai watanni da ba na kowa ba. Sakandare ta sallame shi, jami'a ba ta karɓe shi ba tukuna. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, namiji yakan cinye waɗannan watanni tsakanin gona da kasuwa da majalisa, mace kuma tana gida tana jiran sunanta ya fito. A ganina, duk yaron masarautar Gumel da ya nemi gurbin karatun kimiyyar kwamfuta ko injiniyanci ko lissafi, ya kamata a ƙwace masa makonni shida ko takwas daga cikin wannan zaman jira, a zaunar da shi gaban kwamfuta a nan gida, a koya masa rubuta manhaja daga tushe, abin da su yaran suke kira kodin. Kyauta, da Hausa, kuma kafin ya ga ƙofar jami'a.

Wani zai ce ai yaron da ya ci JAMB ya riga ya san kwamfuta, tunda tun 2015 hukumar ta daina jarrabawar takarda gaba ɗaya. Wanda bai taɓa leƙa zauren jarrabawar ba ne zai faɗi haka. JAMB da kanta ta san irin yaran da ke zuwa mata, shi ya sa ta tsara yadda za a iya gama jarrabawar da maɓallai takwas kacal: huɗu na zaɓen amsa, sauran na matsawa gaba, komawa baya, miƙa aiki da fasa miƙawa. Wannan adalci ne a wajen jarrabawa, ba na kushe shi. Amma ma'anarsa ita ce yarinya daga wani ƙauye na Sule Tankarkar za ta iya cin maki mai kyau, a ba ta kimiyyar kwamfuta, alhali ba ta taɓa buga jimla guda cikakkiya a kwamfuta ba, ba ta taɓa ajiye fayil ta nemo shi ba.

Sai ta isa aji. A benci ɗaya da ita akwai ɗan ma'aikacin banki daga Kano wanda yake da kwamfutar cinya tun yana ƙaramar sakandare, akwai wanda ya yi difloma a Kazaure, akwai wanda ya shekara yana bin darussa a YouTube. Malam ya rubuta layi biyar a allo ya waiwayo ya ce, "An gane?" Mutum goma na gaba suka amsa da ƙarfi. Ragowar ɗari da wani abu suka yi shiru, domin babu mai son ya zama shi ne baƙauyen ajin. Malam ya goge allo ya wuce. Ba mugunta ya yi ba. Amsar da ya ji ita ya bi, ga kuma zangon karatu gajere. Daga nan yarinyar za ta koma ga dabarar da ta fisshe ta a sakandare, wato hadda. Ta kwafe manhajar a littafi, ta haddace ta har da waƙafi da aya, ta zuba ta a takardar jarrabawa. Idan tambayar ta zo yadda aka bayar a aji, ta tsira. Idan malam ya sauya lamba ɗaya ko ya juya tambayar, sai kariyoba. Kamar yaron tela ne da ya shekara yana kwafar zanen riga a takarda bai taɓa taka keke ba. A haka wasu suke lallaɓawa har ajin ƙarshe, su sayi aikin kammalawa a hannun masu sayarwa, su fito da digiri a fannin da suke jin tsoronsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayanin da ake yi wa wannan faɗuwa. Sai ka ji ana cewa kodin baiwa ce, ko kana da kan ko ba ka da shi. Yaran ma sun karɓi maganar, kana jin su suna cewa "ni kaina ba ya ja." Wannan zance ba a nan aka fara shi ba. A 2006 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Middlesex a Ingila, Saeed Dehnadi da Richard Bornat, sun fitar da wata takarda da ta yi tashe ƙwarai, wadda take cewa ɗaliban kodin kashi biyu ne tun fil'azal, masu iyawa da waɗanda ba za su taɓa iyawa ba, har ma ana iya tantance su kafin a fara darasi. Sun kamanta zanen sakamakon ɗalibai da raƙumi mai tozo biyu. (Mu dai raƙuman da ake kawowa kasuwar Maigatari ran Alhamis tozo ɗaya gare su.) A 2014 Bornat ya fito da kansa ya janye wannan iƙirari. Bayan shekara biyu kuma Elizabeth Patitsas da abokan aikinta suka bi sakamakon ɗaruruwan azuzuwa a wata jami'ar Kanada, suka tarar ƙalilan ne a cikinsu suke da wannan rabuwa gida biyu. Amma janyewa ba ta gudu kamar yadda ƙarya take gudu, shi ya sa har yau maganar tana yawo a ofisoshin malamai.

Ba ina cewa darasin yana da sauƙi ba. Bincike biyu da aka yi a ƙasashe da dama, ɗaya a 2007 ɗaya a 2014, duk sun nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku yana faɗuwa kwas ɗin kodin na farko. Wannan fa har da ƙasashen da ba a ɗauke wuta. To ina ga wanda ya zo daga makarantar da darasin kwamfuta yake nufin a zana kwamfuta a allo a sa wa sassanta suna?

Waɗanda suka ɗauki matsalar da gaske sun gano cewa babban abin da ke raba ɗalibai a makonnin farko shi ne wa ya taɓa yi, wa bai taɓa ba. Kwalejin Harvey Mudd da ke Kalifoniya ta raba ajin farko gida biyu tun wajen 2006: aji ɗaya na waɗanda suka taɓa kodin, ɗaya na waɗanda ba su taɓa ba, don kada masu baki su cika wa sababbi ciki. Ta kuma bar harshen Java ta koma Python mai sauƙin shiga. Da wannan da wasu matakai, mata masu karanta fannin suka tashi daga wajen kashi 10 cikin ɗari zuwa wajen kashi 40 a 'yan shekaru. Jami'ar Carnegie Mellon ta daina fifita masu tsohuwar gogewa wajen ɗaukar ɗalibai, mata a cikin sababbin ɗalibanta na fannin suka tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000. Ko a Harvard, sanannen kwas ɗin nan CS50 yana ware wa marasa gogewa nasu rukunin da nasu aikin gida. In jami'o'in da suka tara 'ya'yan masu hali sun ga wajibi ne su yi wa sabon shiga shimfiɗa, ban ga dalilin da za mu jefa ɗan Gagarawa cikin ruwa mu ce ya yi iyo ba.

Mu ma ai share fage ba baƙonmu ba ne. Arewa ta daɗe da sanin cewa yaranta suna isa jami'a da giɓi, shi ya sa aka yi IJMB a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, aka yi makarantar share fage ta Funtuwa, jami'o'i da yawa kuma suke da nasu shirin rimediyal. Sai dai duk waɗannan Turanci da lissafi da kimiyya suke gyarawa. Babu wanda ya zauna ya ce yatsun yaro ma suna bukatar share fage.

Abin mamakin shi ne Jigawa ce ta riga kusan kowa a Arewa shiga harkar nan. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure tare da kamfanin Informatics na Singafo, aka kafa kamfanin intanet na Galaxy a Dutse, a lokacin da jihohi da yawa ba su san inda intanet ya dosa ba. An yi wa gwamnan dariya a lokacin, ana cewa mutanen da ke neman ruwan sha ina su ina kwamfuta. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa tun 2013, ga ta fasaha a Ɓaɓura tun 2021, ga shugaban hukumar NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja. Manyan makarantu ba su ne matsalarmu ba yanzu. Matsalar tana ƙasa, a 'yar tazarar da ke tsakanin sakandaren ƙauye da ajin farko na waɗannan makarantu, kuma tazarar ba ta da mai ita: ma'aikatar ilimi tana ganin yaron ya fita hannunta, jami'a tana ganin bai shigo nata ba.

To me za a koyar a makonni shida? Bari in fara da abin da ba za a koyar ba. Ba irin kwas ɗin shagunan bakin titi ba ne, inda ake koya wa mutum buga wasiƙa da ƙawata katin biki a ba shi satifiket mai zinariya a gefe. Wannan sana'a ce mai kyau, amma ba ita ake tambaya a jami'a ba. Mako guda ya isa a saba da allon bugu, a san inda fayil yake kwana, a daina jin tsoron cewa danna wani maɓalli zai ƙona na'urar. Sauran lokacin na abu ɗaya ne: yaro ya iya ɗaukar matsala, ya farfasa ta mataki-mataki, ya faɗa wa na'ura matakan ba tare da ya bar mata komai ta yi hasashe ba.

Kuma yaranmu sun riga sun iya wannan tunani, ba a dai taɓa gaya musu ba. Ɗauki zakkar tumaki da awaki, wadda duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji. Ƙasa da 40, babu komai. Daga 40 zuwa 120, akuya ɗaya. Daga 121 zuwa 200, biyu. Daga 201 zuwa 399, uku. Daga 400, kowace ɗari akuya guda. Ka ce wa ɗalibi ya rubuta manhajar da za ta tambayi makiyayi yawan dabbobinsa ta gaya masa abin da zai fitar. Ga sharaɗi, ga "idan kaza to kaza, in ba haka ba kaza," wato if da else, ga rabawa a matakin ƙarshe. Zai rubuta, ya gwada da 50, ta ce ɗaya, ya yi murmushi. Sai malam ya ce gwada da 120 cif. Ta ce biyu. Nan ajin zai kaure, domin kowa ya san ɗaya ce. A bi layi-layi har a gano cewa ya rubuta "ƙasa da 120" inda ya kamata ya rubuta "120 ko ƙasa da haka." Alama guda ce ta ɓace, amma ta sa an ci wa makiyayi akuya. Yaron da ya kama wannan kuskure da idonsa ya koyi abin da ake kira gwajin iyaka, kuma ba zai manta ba, domin tun kafin ya taɓa kwamfuta ya san amsar gaskiya. Wannan shi ne amfanin misalin gida: ɗalibi yana iya kama na'ura da ƙarya. Idan misalin na harajin wata ƙasa ne ko makin wani wasan da bai taɓa gani ba, duk abin da allo ya nuna masa sai ya ce to.

Misalan ba sa ƙarewa. Canjin sefa da naira da ɗan Maigatari yake yi da ka. Lissafin buhunan riɗi da zoɓo, a cire kuɗin dako da la'ada da na mota a ga abin da ya rage. Littafin bashin mai kanti, wanda zai koya wa yaro jeri da bincike a cikin jeri. In an yi nisa, rabon gado mai sauƙi.

Sai jan rubutu. Duk wanda ya koyar da sababbi ya san wannan lokaci: yaro ya danna, maimakon amsa sai allo ya cika da jan Turanci. Hannunsa ya bar kan maɓallai, ya waiwaya ko wani ya gani. A zatonsa ya yi ɓarna. Alhali na'urar tana gaya masa ne cewa a layi na huɗu ya manta ɗigo biyu, ko ya matsar da layi ciki fiye da 'yan'uwansa. Rana guda cur ya kamata a ware don wannan kaɗai: malam ya ɓata manhaja da gangan, a karanta saƙon kuskuren tare daga ƙasa zuwa sama, a fassara shi da Hausa, a gyara. Ɗalibin da ya daina firgita da jan rubutu ya yi rabin tafiya, domin ƙwararru ma yawancin yininsu a nan yake ƙarewa.

Na ce da Hausa, kuma na san za a yi mini ca. Za a ce jami'a da Turanci take koyarwa, gara su saba. Amsata ita ce keɓaɓɓun kalmomin Python gaba ɗaya ba su kai 40 ba, kuma da Turancinsu za a koye su, babu mai fassara su. Abin da za a yi da Hausa shi ne bayani da tambaya da gardama. Yaron da ke kokawa da sabon tunani bai kamata a haɗa masa da kokawar neman kalmar da zai yi tambaya da ita ba. Idan ya gane abin a harshen da yake mafarki da shi, sa masa sunan Turanci aikin minti biyar ne. A mako na ƙarshe sai a juya darasin zuwa Turanci, yadda kunnensa zai saba da abin da zai tarar.

Wuri kuwa akwai. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana nan tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, da azuzuwanta da malamanta, kuma aikinta ke nan, koyar da koyarwa. Ga makarantar kimiyya ta Lautai. Kowace cibiyar da JAMB ta amince da ita a jihar nan tana da kwamfutoci sama da 200, waɗanda yawancin shekara suke lulluɓe suna shan ƙura. Masu koyarwa ma ba sai an ɗauko su daga Legas ba: 'yan masarautar da ke aji uku da aji huɗu a jami'o'i, da masu hidimar ƙasa, da waɗanda suka fito daga shirin horon fasaha na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, sun isa su riƙe rukuni-rukuni na mutum goma a ƙarƙashin malami guda. Sau da yawa wanda ya sha wuyar abu bara ya fi farfesa sanin inda yake da ciwo. Abin da zai ci kuɗi shi ne wuta, sola ko man janareto, sai abincin rana da ɗan alawus na masu koyarwa. Ƙananan hukumomi huɗu ne, ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi a Abuja, sarki ɗaya suke da shi. In suka haɗa hannu, abin bai kai kuɗin taron siyasa guda ba.

A kuma tsara shi da sanin inda ake. Kada a sa shi tsakiyar damina, lokacin da uba yake bukatar kowane hannu a gona. A bari a yi girbin gero. Kada a sa darasi ran Alhamis, domin rabin samarin Maigatari a kasuwa suke neman kuɗin rajistar da za su biya. Aikin gida a bayar da wanda za a iya yi a waya, tunda akwai manhajoji irin su Pydroid da ke gudanar da Python a wayar Android ba tare da data ba. Allon ƙarami ne, yatsa yana wahala, amma ya fi babu. Kuma a yi shi a gida saboda 'yan mata. Uban da ba zai bar 'yarsa ta je Kano ta yi wata biyu don wani kwas da ba digiri ba, zai bar ta ta hau mota da safe ta dawo kafin la'asar. A ware musu nasu rukunin in hakan zai sa su buɗe baki.

Akwai suka biyu da nake ɗauka da muhimmanci. Na farko, cewa wannan aikin jami'a ne, me ya sa za a ɗauke mata? Gaskiya ne, kuma sabon tsarin karatu da hukumar NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, don haka babu abin da ya hana Dutse ko Kafin Hausa raba ajin farko yadda Harvey Mudd ta yi. Ina fata su yi. Amma malamin da ke gaban ɗalibai ɗaruruwa ba zai iya tsayawa kan kowane yaro ya ga inda ya manta ɗigo biyu ba, kuma yaron da zai shiga bana ba zai jira majalisar jami'a ta gama zama ba.

Na biyu ya fi nauyi: tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, na'ura tana rubuta manhaja da kanta, to wahalar ta mece ce? Lallai aikin yana sauyawa, kuma wanda ya ce ya san yadda zai kasance nan da shekara goma yana cika baki ne. Sai dai ka koma kan zakkar nan. Na'ura za ta rubuto maka manhajar cikin daƙiƙa biyar, tsaf-tsaf, wani lokaci daidai, wani lokaci da kuskure a kan iyaka. Wanda ya taɓa kama irin wannan kuskure da hannunsa shi zai gwada ta da 120 da 121 kafin ya miƙa wa jama'a. Wanda bai taɓa ba zai kwafa ya miƙa, ya koma haddar da muke gudu, sai dai yanzu ko haddar ma ba ya yi. A wurina wannan ƙarin dalili ne na a fara da wuri, kuma a makonnin nan a hana taɓa irin waɗannan na'urori sai a kwanakin ƙarshe, inda aikin zai zama a ba su su rubuta, ɗalibi ya nemo inda suka yi ƙarya.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo ga duk wanda zai ɗauki nauyin wannan: kada a raba kwamfuta, kada a ba ɗalibi alawus, kada a buga satifiket. Duk mun san abin da ke faruwa da zarar an ce akwai rabo. Jerin sunaye zai koma hannun masu rabon gurabe, kansila ya kawo biyar, shugaban jam'iyya ya kawo goma, a cika zauren da mutanen da suka zo karɓar kaya, a yi hoto a watse. Takardar shiga ta zama guda ɗaya tak, wato shaidar JAMB da ke nuna yaro ya nemi ɗaya daga cikin fannonin nan. A rubuta sunan kowa da jami'ar da ya tafi, bayan shekara a bi sawu a ga sakamakonsa a kwas ɗin kodin na farko, a gwada da na 'yan'uwansa da ba su zo ba. In an ga bambanci a faɗaɗa zuwa Haɗeja da Ringim da Kazaure. In ba a gani ba a sauya yadda ake koyarwar, a sake gwadawa da 'yan shekara mai zuwa.